SHARHI: Me ya sa allurar riga-kafi ke isa ga yaran Anambra amma ba ta isa ga na Sakkwato?

A watan Disamba na 2022 aka sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, cewa ana zargin ɓullar cutar mashaƙo a jihohin Kano da Legas. Kafin daminar 2023 ta ƙare, sashen da aka ware wa masu cutar a Asibitin Murtala da ke birnin Kano ya cika da yara masu kumburarren wuya, waɗanda numfashi ke neman gagara saboda wata fata mai launin toka da cutar ke shimfiɗawa a maƙogwaro. Zuwa farkon 2025, alƙaluman hukumar sun nuna an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 20,000, fiye da 1,000 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Jihar Kano kaɗai ta ɗauki fiye da rabin waɗanda suka kamu, sai Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da Kaduna da Jigawa suka raba mafi yawan abin da ya rage.

A jihohi biyu aka fara jin ɗuriyar cutar a lokaci ɗaya, amma a ɗaya ce kawai ta sami wurin zama. Dalilin haka yana cikin bayanan marasa lafiyar: mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma galibinsu ba su kammala riga-kafi ba. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo ba sabuwa ba ce, kyauta ake yin ta, kuma tana cikin jadawalin riga-kafin Najeriya tun ƙarshen shekarun 1970. Yaron da ya kwanta a Asibitin Murtala yana ɗan shekara goma a 2023, an haife shi ne a 2013, shekarar da binciken lafiya na ƙasa ya gano cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai na yaran Arewa maso Yamma suka kammala allurarsu. Annobar da aka gani a 2023 sakamakon allurar da ba a yi ba ne shekaru goma da suka wuce.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babban ma'aunin da masana ke dogaro da shi shi ne binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa kusan duk bayan shekara biyar. Ma'aikata kan shiga gida-gida, su nemi katin riga-kafin yaro mai wata 12 zuwa 23, idan babu katin su tambayi uwa. Binciken 2003 ya gano kashi 13 cikin ɗari na yaran ƙasar ne suka sami dukkan muhimman allurai. A 2008 adadin ya kai kashi 23, a 2013 kashi 25, a 2018 kashi 31, sannan binciken 2023 zuwa 2024 ya kai shi kashi 39. Ana ci gaba, amma tafiyar hawainiya ake yi: cikin shekara ashirin ba a kai ga rabin yaran ƙasar ba.

Wannan matsakaicin adadi na ƙasa yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. A binciken 2018, kashi 76 cikin ɗari na yaran Jihar Anambra sun kammala allurarsu, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 5 ne. A matakin shiyya, Kudu maso Gabas tana da kashi 57, Arewa maso Yamma kuma kashi 20. Wani binciken na daban da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta jagoranta a 2016 zuwa 2017 ya auna zagaye na uku na allurar da ake kira Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin lala da sandarau da ciwon hanta. Ya gano kashi 80 cikin ɗari a Legas, kashi 3 a Sakkwato, kashi 33 a ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya ƙara wa matsalar nauyi shi ne, inda allurar ta fi ƙaranci nan aka fi haihuwa. Binciken 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici, ta Kudu maso Yamma kuma 3.9. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, na shekarar 2023 ya sanya Najeriya a kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ko allurar Penta ta farko ba a yi musu ba: kimanin miliyan 2.1 daga cikin miliyan 14.5 na duniya. Indiya, wadda ta ninka Najeriya sau shida a yawan jama'a, tana bayanta ne.

Ana ganin sakamakon a maƙabartu. A cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Arewa maso Yamma, binciken 2018 ya ce 187 ba sa kai wa shekara biyar. A Kudu maso Yamma adadin 62 ne. A Jihar Kebbi ya kai 252, a Ogun kuma 30. Ba rashin riga-kafi kaɗai ke kashe waɗannan yara ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da tamowa da rashin tsaftataccen ruwa. Sai dai ƙyanda da ciwon huhu da gudawa, waɗanda duk akwai allurarsu ko ɗigonsu a jadawali, suna da kaso mai tsoka, kuma sun fi yi wa yaro mai tamowa mummunan kamu.

Bayanin da aka fi saurin kawowa

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce mutanen Arewa ba sa yarda da riga-kafi. Maganar tana da tushe a tarihi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar riga-kafi ba, sai dai a zuciyar uban da ya ji labarin, duk allurar da baƙo ya kawo kyauta ɗaya ce.

A 2003 shakkun ya zama matsayin hukuma, lokacin da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan-inna bayan wasu shugabanni, ciki har da Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a, sun yi zargin cewa an gauraya shi da sinadarin hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, har zuwa Yulin 2004, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince da maganin da aka sarrafa a Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, ta sake ɓulla a ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan ɗigon shan-inna tara a cikin birnin Kano.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana giɓin da ake gani a yau ba. Binciken 2016 zuwa 2017 ya tambayi iyayen da ba su kammala wa 'ya'yansu allura ba dalilinsu. Abin da ya zo kan gaba shi ne rashin sani: ba su san akwai allurar ba, ko ba su san ana komawa ba, ko ba su san ranar da ake yi ba. Matsalolin asibiti, kamar nisa da rashin ma'aikaci da rashin maganin, sun biyo baya. Tsoro da shakku sun tsaya ne a kan kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wato mafi yawan yaran da suka rasa allura, iyayensu ba su ce a'a ba, domin babu wanda ya zo ya tambaye su.

Shan-inna ta ba da shaida

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cikin tarihin shan-inna ɗin kanta. Bayan rikicin 2003, an sauya salo. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin, aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida suna wayar da kai, aka zana taswirar kowane ƙauye da ruga, aka riƙa bin sawun ayarin masu ɗigo don tabbatar da sun isa inda aka tura su. Waɗanda suka nakasa sanadiyyar cutar su ma suka fito da kekunansu suna yi wa iyaye magana. An ga ƙwayar shan-inna ta asali karo na ƙarshe a Jihar Borno a Agustan 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Al'ummar da aka ce ta ƙi riga-kafi ita ce ta buɗe ƙofofinta sau da dama a kowace shekara har aka kai ga wannan nasara. Amma ɗigon shan-inna ba ya buƙatar ƙwararren ma'aikaci: ɗigo biyu ne a baki, duk wanda aka koya wa na yini ɗaya zai iya. Penta da allurar ƙyanda da ta tarin fuka kuwa sai da sirinji, sai da hannun wanda ya koyi aikin, sai da firji mai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, sai kuma uwa ta zo a ranar haihuwa ko kusa da ita, ta dawo a mako na 6 da na 10 da na 14, ta sake dawowa a wata na 9 da na 15. Gangamin kwana huɗu ba ya iya wannan aiki. Asibitin da ke buɗe kowane mako ne kaɗai zai iya, kuma shi ne ba a gina ba a shekarun da kuɗi da hankali suka karkata ga shan-inna.

Wannan rashin daidaito ya haifar da nasa shakkun. Magidanci a ƙauyen Zamfara ko Jigawa ya ga ana zuwa masa har zaure da ɗigon wata cuta da bai taɓa gani ba, alhali ƙyanda da zazzaɓi na ɗauke masa 'ya'ya kuma ɗakin shan maganin garinsu a kulle yake. Tambayar da ya yi, ta dalilin da ya sa wannan ne kawai kyauta, tambaya ce ta mai hankali. Ko a kan shan-inna ma, raunin riga-kafin yau da kullum ya dawo ya ci nasarar da aka samu: wani nau'in ƙwayar, wanda ke rikiɗa ya yaɗu a inda yara da yawa ba su da kariya, ya kama yara fiye da 400 a 2021, kuma a shekarun baya-bayan nan ya fi tarewa a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Kano.

Inda sarƙar ke tsinkewa

Matakin farko shi ne ɗakin haihuwa. Jaririn da aka haifa a asibiti yakan sami allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon farko kafin a sallami uwarsa, a ba ta kati, a faɗa mata ranar dawowa. Binciken 2018 ya nuna kashi 82 cikin ɗari na haihuwa a Kudu maso Gabas a asibiti ake yi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. Sauran jariran suna zuwa duniya ne a ɗakin uwa, a hannun ungozomar gargajiya ko kaka, babu wani littafin hukuma da ya san da zuwansu. Bayan haka mai jego takan shafe kwana arba'in tana wanka, wani lokaci a gidan iyayenta a wani gari, kuma daidai ƙarshen waɗannan kwanaki ne lokacin allurar mako shida.

Mataki na biyu shi ne karatun uwa. A binciken na 2018, kashi 15 cikin ɗari ne kawai na 'ya'yan matan da ba su yi makarantar boko ba suka kammala allura, yayin da adadin ya haura kashi 60 a tsakanin 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare. Karatun 'ya mace yana shafar lamarin ta fuska biyu. Uwar da ke iya karanta kati ta fi sanin ranar komawa, kuma ta fi samun bakin magana idan ana shawarar fita unguwa ko kashe kuɗin mota. Sannan jihar da 'yan matanta ba sa kammala sakandare ba ta da isassun waɗanda za ta tura makarantun jinya da ungozomanci, alhali magidanta da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce za ta duba iyalinsu. Idan aka turo ma'aikaciya daga nesa zuwa ƙauyen da babu gida, babu ruwa, babu tsaro, ba ta daɗewa take neman a mayar da ita birni.

Mataki na uku shi ne ranar allurar kanta. Allurar tarin fuka tana zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara ashirin, ta ƙyanda kuma yara goma, kuma da zarar an haɗa su dole a zubar da abin da ya rage bayan awa shida. Ma'aikacin da ke tsoron a tuhume shi da almubazzaranci yakan ƙi buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ko biyu, ya ce wa uwa ta dawo wani mako. Matar da ta yi tafiyar awa biyu a ƙafa ko ta biya kuɗin babur, ta bar aikin gona ko sana'arta, ba lallai ta dawo ba. Haka nan idan ba a gaya mata cewa zazzaɓi da kumburin cinya bayan Penta abu ne da ke wucewa ba, kukan dare ɗaya ya isa ya sa maigida ya hana komawa.

A kan waɗannan duka sai rashin tsaro ya zo ya ɗora. A Arewa maso Gabas, rikicin Boko Haram ya rusa ɗaruruwan cibiyoyin lafiya, kuma a 2018 an kashe ungozomomi biyu da aka sace daga garin Rann. A Arewa maso Yamma, 'yan fashin daji sun tashi ƙauyuka a Zamfara da gabashin Sakkwato da kudu maso yammacin Katsina da yankin Birnin Gwari, ma'aikata sun daina fita kai allura ƙauyukan nesa, iyalai sun tarwatse zuwa gefen birane inda ba su cikin lissafin kowa. Yaran da ke bayan waɗannan hanyoyi su ne kuma masu bincike ba sa iya kai wa gare su, don haka mai yiwuwa alƙaluman da ake da su ma sun rage wa matsalar girma.

Darasi daga tsallaken iyaka

Wanda ke ganin addini ko al'ada ce tushen matsalar, ya kamata ya dubi Jamhuriyar Nijar. Mutanen Maraɗi da Damagaram Hausawa ne Musulmi, 'yan'uwan na Katsina da Daura da Kano ta jini da auratayya, kuma ƙasarsu ta fi Najeriya talauci, karatun mata a can ma bai kai na nan ba. Duk da haka, ƙiyasin WHO da UNICEF na 2023 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na jariran Nijar sun sami zagaye na uku na Penta, yayin da na Najeriya ya tsaya a kashi 62. Tun farkon shekarun 2000, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, Nijar ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a karkara, ta sa ma'aikata a cikinsu, sannan a 2006 ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Nijar ba ta tsira gaba ɗaya ba. Mashaƙo ta ɓulla a yankin Matamaye na Jihar Damagaram a 2023, kuma yankunan Diffa da Tillaberi suna fama da irin matsalar tsaron da ke nan. Amma bambancin ya isa ya nuna cewa idan an kusantar da asibiti, aka cire wa uwa fargabar kuɗi, Bahaushiya tana kai ɗanta allura.

Wa ke da alhaki

A tsarin Najeriya, gwamnatin tarayya ce ke sayen magungunan riga-kafi tare da tallafin ƙawancen Gavi, ta hannun Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko, NPHCDA. Amma ɗaukar ma'aikata, biyan albashinsu, gyaran asibitin mazaɓa, man babur na kai allura ƙauye, duk nauyin jihohi da ƙananan hukumomi 774 ne. A nan ne Anambra da Sakkwato suka rabu, domin maganin da ke isa ma'ajiyar jiha iri ɗaya ne.

Shekaru da dama alƙaluman hukuma sun rufe wannan rauni. Rahotannin da ake turowa daga asibitoci sukan nuna kusan an gama da kowa, wasu ƙananan hukumomi har su haura kashi 100 cikin ɗari, saboda ana auna aikin da ƙiyasin jama'a da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, kuma saboda wasu ma'aikata sun fahimci cewa adadi mai kyau ake so a gani. Sai da binciken gida-gida ya fito da kashi 33 sannan NPHCDA ta ayyana dokar ta-ɓaci kan riga-kafin yau da kullum a 2017, ta kafa cibiyar gaggawa a Abuja da makamantanta a jihohi 18 mafi rauni. Binciken 2021 ya nuna zagaye na uku na Penta ya tashi zuwa kashi 57. Wannan ya tabbatar da cewa idan an sa ido ana samun sauyi cikin 'yan shekaru.

An kuma gwada wata hanya a Kano tun 2013, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe: yarjejeniya tsakanin gwamnatin jiha da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Ɗangote, inda ake zuba kuɗin riga-kafi a asusu ɗaya, kason jiha na ƙaruwa kowace shekara har ta ɗauki nauyin duka. Tsarin ya inganta rabon magani da ajiyarsa. Amma annobar mashaƙo ta Kano ta nuna cewa gyaran ma'ajiya bai wadatar ba idan yaran da aka tsallake a baya suna nan ba a bi sawunsu ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A Disamban 2023 gwamnatin tarayya da gwamnoni suka rattaba hannu kan yarjejeniyar gyara fannin lafiya, tare da alƙawarin ninka cibiyoyin da ke cin gajiyar asusun zuwa fiye da 17,000 nan da 2027. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya san matsalar ciki da bai, domin shi ya shugabanci NPHCDA daga 2008 zuwa 2011. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko hukuncin zai kai ga albashin ma'aikaciyar lafiya a ƙauye, ya danganta ne da yadda aka aiwatar da shi da kuma abin da shugabannin ƙananan hukumomin suka ɗauka da muhimmanci.

Lokaci na ƙurewa

Tallafin da Najeriya ta dogara da shi yana da wa'adi. A 2018 Gavi ta amince ta tsawaita taimakonta zuwa 2028, bisa sharaɗin Najeriya ta riƙa ƙara kasonta har ta ɗauki nauyin sayen magungunan da kanta. A 2025 gwamnatin Amurka ta rusa hukumar ba da agajinta ta USAID, sannan ta sanar da dakatar da gudunmawarta ga Gavi. A lokaci guda jadawalin yana ƙara tsada: an shigar da ɗigon gudawa a 2022, allurar kare 'yan mata daga sankarar bakin mahaifa a Oktoban 2023, da allurar zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Kowace sabuwar allura alheri ce, amma tana bin hanyar da tsofaffin suka bi. Idan hanyar ba ta kai ƙauye ba, yaron birni ne zai ƙara samun kariya, giɓin kuma ya ƙara faɗi.

Kudu ma ba ta da dalilin sakin jiki. Akwai yaran da ba a yi wa allura ba a unguwannin talakawa na Legas da ƙauyukan bakin ruwa na Bayelsa, kuma a Maris na 2025 mashaƙo ta shiga makarantar kwana ta King's College da ke Legas. Ƙyanda kuwa sai an yi wa kimanin kashi 95 cikin ɗari na yara allura kafin ta daina yawo, adadin da babu shiyyar da ta kai. Motocin da ke tashi daga Kano zuwa Legas da Fatakwal kowace rana suna ɗauke da fasinja da duk abin da ke jikinsu.

Abubuwan da za su rage giɓin sanannu ne, kuma an gwada su a cikin ƙasar nan: mai unguwa da ungozoma su riƙa rubuta sunan kowane jariri, a kai wa asibitin mazaɓa kafin ranar suna, a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya, a biya kuɗin fita ƙauye a kan kari, a ɗauki 'yan matan yankin a horar da su, a mayar da su garuruwansu, a bi sawun manyan yaran da aka tsallake a makarantun boko da na Islamiyya da tsangayu. Duk waɗannan suna hannun gwamna da shugaban ƙaramar hukuma ne. Binciken lafiya na ƙasa yana fitar da sakamakonsa jiha-jiha, don haka kowane mai zaɓe a Sakkwato ko Zamfara ko Kebbi yana iya sanin kashi nawa na yaran jiharsa aka yi wa allura lokacin da gwamnansa ya hau mulki, da kuma kashi nawa ne a ranar da zai sauka.